Kamfanin fasaha da ke ninka ma'aikata duk shekara: me ya kamata mutum ya duba kafin ya sa hannu?

Sabon_Shiga

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar nan ciki da waje. Wani kamfanin manhaja ya yi mini tayin aikin injiniya. Ofishinsu a Legas yake, amma uwar kamfanin a Amurka aka yi mata rajista. Shekaru biyu da suka wuce ma'aikatansu ba su wuce 40 ba, yanzu sun kai 300, kuma suna cewa baɗi za su ninka. Albashin ba laifi, ga kuma alƙawarin hannun jari a cikin takardar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk wanda ya yi mini intabiyu sai ya ce "mu nan 'yan gida ɗaya ne" ko "mu nan gudu muke yi". Ban san me waɗannan kalaman ke nufi ba idan an fara aiki. Ina yawan jin ana kawo Uber, kamfanin manhajar kiran motar haya, a matsayin misalin kamfanin da ya girma da sauri zama ya lalace a cikinsa. Me ya faru a can takamaimai? Kuma ta yaya mutum zai gane halin wuri tun yana waje?

Tsohon_Hannu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda ka ambaci Uber mu fara da shi, domin nasa ba jita-jita ba ne, an yi bincike an fitar da sakamako kowa ya gani.

Travis Kalanick da Garrett Camp suka kafa shi a 2009 a San Francisco. Zuwa 2017 ma'aikatan ofis, ban da direbobi, sun haura 12,000. A ranar 19 ga Fabrairu 2017 wata injiniya mai suna Susan Fowler, wadda ta shiga kamfanin a Nuwamba 2015 ta bar shi bayan shekara guda, ta wallafa abin da ta gani. A cewarta, ranar da ta fara aiki a rukuninta manajanta ya turo mata saƙonnin neman lalata ta manhajar hira ta kamfanin. Ta ɗauki hotunan saƙonnin ta kai sashen kula da ma'aikata. Aka ce mata mutumin gwarzo ne a aiki kuma wannan ne karonsa na farko, don haka gargaɗi kawai za a yi masa. Aka ba ta zaɓi: ko ta canza rukuni, ko ta zauna ta san cewa zai iya ba ta mummunan maki. Daga baya ta haɗu da wasu mata da suka kai ƙarar mutumin nan tun kafin ita. Ta kuma ce lokacin da ta shiga, mata sun fi kashi 25 cikin 100 na sashensu, kafin ta tafi sun koma ƙasa da kashi 6.

Kamfanin ya ɗauko Eric Holder, tsohon ministan shari'a na Amurka, ya binciki tsarin gaba ɗaya. Wani ofishin lauyoyi daban, Perkins Coie, ya bi ƙorafi 215 ɗaya bayan ɗaya, aka kori aƙalla mutum 20. Ranar 13 ga Yuni 2017 aka fitar da shawarwarin Holder guda 47, kuma mako guda bayan haka masu zuba jari suka tilasta wa Kalanick yin murabus. Dara Khosrowshahi ya gaje shi a watan Agusta.

To amma abin da zai amfane ka shi ne yadda ɓarnar ke ginuwa, domin lissafi ne da ke aiki a kowane kamfani mai irin wannan gudu.

Ɗauki alƙaluman da ka kawo. Mutum 40, idan kowa zai yi hulɗa da kowa, hanyoyin hulɗa 780 ne. Mutum 300 kuwa 44,850. A 40 mai kamfani ya san sunan kowa, idan wani ya taka wani kafin la'asar ya ji. A 300 ba ya jin komai sai abin da manajoji suka ga dama suka kai masa. Sannan idan manaja ɗaya na riƙe da mutum 8, a 40 manajoji 5 sun isa, a 300 ana buƙatar kusan 38, da wasu a samansu. Daga ina za a samo su cikin wata 24? Sai a ɗauki injiniyan da ya fi kowa iya rubuta manhaja a ce daga yau kai ne shugaba, ba horo, ba wanda ya nuna masa yadda ake raba aiki ko yadda ake gaya wa mutum ya yi kuskure ba tare da an ci masa fuska ba. Kamfani ya rasa ƙwararren injiniya, ya samu manaja ɗan koyo. Kuma duk inda ake ninkawa a shekara, rabin mutanen da ke ofis ba su cika shekara ba, wato sabo ne ke koya wa sabo.

Na biyu, awon ƙwazo. Uber na wancan lokacin yana jera ma'aikata ne a gwada su da juna, dole wasu su faɗo ƙasa ko da duk rukunin ya yi ƙoƙari. Microsoft ya yi shekaru a kan irin wannan tsari kafin ya watsar da shi a 2013. Illarsa a fili take: idan makina ya dogara da in fi ka, me zai sa in taimake ka? Sai ɓoye bayani, da rige-rigen aikin da shugaba zai gani, a bar gyaran da ba mai yabawa.

Na uku, taken da ke jikin bango. Uber yana da ƙa'idoji 14, ciki har da wadda ke cewa kada ka ji tsoron taka ƙafar wani. Manufarta ƙaramin ma'aikaci ya iya musu da babba idan yana da hujja. A aikace manya ne suka riƙa fakewa da ita suna taka ƙanana, har rahoton Holder ya ce a cire ta da irinta domin an mayar da su hujjar rashin mutunci. Don haka ni a ganina kada ka ɓata lokaci kan abin da suka rubuta. Tambayi wa aka yi wa ƙarin girma a zagayen da ya wuce da kuma dalili, sannan ko an taɓa sallamar wani da ke kawo wa kamfani kuɗi saboda halinsa.

Yar_Ofis

Malam Tsohon_Hannu ya kawo tushen abin, amma akwai inda zan ƙara, domin mutane kan fahimci sashen kula da ma'aikata a baibai. Kamfani ke biyan su, kuma aikinsu na farko kare kamfani ne. Idan shugabanni na ƙwarai ne, kare kamfani da kare ka hanya ɗaya suke bi. Idan ba haka ba, hanyar ta rabu. A kamfanin da ke gudu kuma, yawancin mutanen sashen nan masu farautar sababbin ma'aikata ne, domin abin da ake auna su da shi ke nan. Za ka iya samun mutum 10 a sashen, 8 ɗaukar aiki suke yi, 2 ne ke riƙe da albashi da hutu da ƙorafin mutum 300. Shi ya sa cikin shawarwarin Holder akwai a kafa tsarin ajiye kowane ƙorafi a wuri ɗaya. In babu wannan, mutum ɗaya zai iya zama "karonsa na farko" sau biyar a gaban jami'ai biyar.

Kafin ka sa hannu, ka nemi a ba ka minti 30 da wanda zai zama manajanka kai tsaye, ba mai ɗaukar aiki ba. Tambaye shi tun yaushe yake riƙe da mutane, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, nawa suka bar rukunin cikin wata 12 da suka wuce, kuma gurbin da za ka shiga sabo ne ko wani ya bari. Idan mutanensa sun haura 12, ka sani ba zai samu zama da kai duk mako ba. Tambayi kuma idan matsalarka da manajanka ce, wa za ka kai wa, kuma ko manaja na da ikon hana ka komawa wani rukuni. Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce: Fowler ta ce an sauya mata makin ƙwazo bayan an riga an rufe awon, abin da ya toshe mata canjin rukuni.

Sai ka shiga LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, ka nemo mutum biyu ko uku da suka bar kamfanin, ba waɗanda kamfanin ya haɗa ka da su ba. Kada ka ce musu "yaya wurin yake?", za su ce alhamdulillahi. Ka ce: da ƙaninka ne, wane rukuni za ka ce ya guje wa? A kamfani mai mutum 300 zama ba iri ɗaya ba ne, wani rukunin lafiya lau, na kusa da shi kowa na neman hanyar fita.

In ka shiga kuma, duk abin da aka yi maka alƙawari da baki, ka bi shi da imel a ranar: "kamar yadda muka yi magana ɗazu, kaza da kaza." Ajiye kwafin takardar ɗaukar aiki da sakamakon kowane awo a wurinka, domin ranar da aka sallami mutum cikin mintuna ake rufe masa imel ɗin ofis. Amma kada ka kwashi bayanan abokan ciniki ko lambar manhaja, wannan laifi ne da zai juyo kanka. Uber dai sai da ya biya dala miliyan 10 a 2018 don sasanta ƙarar injiniyoyi mata da tsiraru kan bambancin albashi da ƙarin girma, ya sake biyan dala miliyan 4.4 a 2019 bayan binciken hukumar daidaita damar aiki ta Amurka. Irin wannan shari'a da takardu ake yin ta.

Dan_Lissafi

Ni batun hannun jarin zan taɓa, don shi ne igiyar da ke ɗaure mutane a wurin da ba sa jin daɗi, kuma da yawa ba su san me suka karɓa ba.

Galibi ba hannun jari aka ba ka ba, izinin saye aka ba ka a kan farashin da aka tsayar yau. Tsarin da aka saba shi ne shekara 4, kuma shekarar farko ba ka da komai sai ta cika. A ce an rubuta maka 4,800. Ranar da ka cika wata 12 sai 1,200 su nuna, wato ka samu ikon sayensu, daga nan 100 duk wata na tsawon wasu wata 36. Ka tafi ko a sallame ka a wata na 11, ka tashi a tutar babu. Amma ka karanta naka da kyau, don ba kowa ke raba shi daidai ba. Amazon ya daɗe yana ba da kashi 5 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 40 a ta uku, 40 a ta huɗu, wato wanda ya gaji ya tafi bayan shekara biyu kashi 20 kawai ya samu.

Tarkon yana wurin fita. Yawancin yarjejeniyoyi na ba ka kwana 90 bayan barin aiki ka biya kuɗin sayen, in ba haka ba izinin ya ƙone. A misalinmu, idan farashin dala 2 ne kuma ka yi shekara biyu, kana da 2,400, sai ka nemo dala 4,800 cikin wata uku, ka sayi takardar da ba kasuwar da za ka kai ta. Juya wannan zuwa naira ka gani. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙosa da wuri amma ya kasa motsi, kuma manaja maras kirki ya san da haka.

Ko kamfani ya shiga kasuwar hannun jari ba a nan take ake cin riba ba. Uber ya shiga kasuwar New York a Mayu 2019 a kan dala 45, aka hana ma'aikata sayarwa na wata 6, lokacin da aka buɗe musu a Nuwamba farashin ya faɗo ƙasa da dala 30. Sannan masu zuba jari kan sa sharaɗin a fara mayar musu da kuɗinsu kafin kowa. A ce sun zuba dala miliyan 50, aka sayar da kamfanin miliyan 40, ma'aikata ba su da ko sisi. Ana dacewa, ba a ce ba a yi ba, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Amma don wani ya dace ba a gina kasafin gida a kai.

Abin da za ka tambaya a rubuce: adadinka kashi nawa ne na dukkan hannayen jarin kamfanin (4,800 cikin miliyan 10 daban, cikin miliyan 500 daban), nawa ne farashin saye, kwana nawa ne wa'adin bayan fita, kuma me zai faru da wanda bai nuna ba idan an sayar da kamfanin. Tunda rajistar a Amurka take, watakila a jihar Delaware kamar yawancinsu, dokar can ce za ta yi hukunci a kan wannan takardar, alhali takardar aikinka tana ƙarƙashin reshen Najeriya. Duba ko ma'aikaci aka rubuta ka ko ɗan kwangila. Idan ma'aikaci ne, dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba aƙalla kashi 10, kai kashi 8. In ka fara aiki ka riƙa duba asusun fanshonka duk wata, don kamfanin da kuɗi ya fara yanke masa, a nan ake fara ganin jinkiri kafin ya taɓa albashi.

Mai_Kwamfuta

Haba jama'a, kun tsorata bawan Allah. Uber misali ne na inda abu ya kai maƙura, ba haka ko'ina yake ba. A kamfanin da ke girma ne matashi zai riƙe aikin da a banki sai ya shekara goma kafin a bari ya taɓa. Kujeru na buɗewa duk wata, kuma ba a tambayar ɗan wane ne kai. Ko Uber ɗin ma, injiniyoyin da suka fito daga cikinsa ba su sha wahalar samun aiki ba. Ɗan'uwa, in albashin tsabar kuɗi ya ishe ka ba tare da lissafin hannun jari ba, ni ban ga abin jira ba.

Injiniyan_Dare

Mai_Kwamfuta ya yi gaskiya a kan koyo, ba musu. Sai dai buɗewar kujeru na tafiya ne da kuɗin masu zuba jari, ranar da suka ɗaure jaka abin juyawa yake yi. Andela, kamfanin da ke samar wa kamfanonin waje injiniyoyin manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a Satumba 2019 lokacin da ya canza tsarin kasuwancinsa, Uber kuma ya sallami kusan 6,700 a Mayu 2020. Don haka a tambayi yaushe suka karɓi jari na ƙarshe, kuma kuɗin da ke hannu zai kai su wata nawa. Ƙasa da wata 12 alama ce ta a yi hattara.

Amma "gudu muke yi" da ka tambaya, ma'anarsa ga injiniya tana cikin jiran ko-ta-kwana. Manhaja ba ta barci, dole wani ya riƙe waya idan saba (babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) ta faɗi da ƙarfe uku na dare. Google ya wallafa ma'aunin da yake bi, kuma ya dace a gwada kowane kamfani da shi: aƙalla mutum 8 a zagayen idan a gari ɗaya suke, kada jiran ya ci fiye da kashi 25 na lokacin injiniya, kada aikin kashe gobara, wato gyaran matsalolin yau da kullum, gaba ɗaya ya wuce kashi 50, kuma kada matsala ta wuce biyu a zaman awa 12, domin kowace ɗaya da bincikenta da rubuta rahotonta tana cin kusan awa 6. Ƙaramin kamfani ba zai cika wannan duka ba, amma idan aka ce maka mutum 3 ne ke karɓa-karɓa, to mako ɗaya cikin uku ba ka da dare. Abin da ke biyo baya sananne ne: wanda bai yi barci ba gyaran wucin gadi yake yi, gyaran ya sake ɓallewa, ƙararrawa ta ƙaru, mutum ɗaya ya ajiye aiki, zagayen ya koma na mutum 2.

Tambayi sau nawa wayar ta yi ƙara da dare a watan jiya (suna da alƙaluman a manhajar da ke kiran, in sun ce ba su sani ba wannan ma amsa ce), ko ana biyan alawus ko ba da ranar hutu a madadi, sannan ka roƙi a ba ka labarin babbar matsalar da suka samu ta ƙarshe. Saurara da kyau. In labarin ya ƙare da "sai muka ƙara gwaji kafin a saki sabon aiki", wuri ne da ake gyara tsari. In ya ƙare da sunan wanda ya yi kuskuren, gobe sunanka ne.

Kayan daɗin ofis ma a duba su da ido biyu. A Uber ƙarfe 8:15 na dare ake kawo abincin dare kyauta, har rahoton Holder ya ce a dawo da shi da wuri, domin yana nuna wa mutane cewa mai tafiya gida da magariba malalaci ne. Rahoton ya kuma ce a rage giya a tarukan kamfani. Wannan ya shafe mu kai tsaye: idan a wurin shaye-shaye bayan tashi ake ƙulla wa za a ba wane aiki, wanda ba ya zuwa, da mai iyali, da mace mai komawa gida da wuri, an bar su a baya ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ka tambayi batun sallar Juma'a da lokutan taro a watan azumi tun yanzu, musamman in akwai abokan aiki a Amurka da za su sa taro ya faɗo daidai buɗa-baki.

Sabon_Shiga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage: sun ba ni kwana 3 in ba da amsa. Jero musu waɗannan tambayoyin ba zai sa su janye tayin ba?

Yar_Ofis

Da wuya, ɗan'uwa. Kafin su kai ga rubuta maka tayi sun kashe makonni da lokacin injiniyoyinsu a kanka, ba sa son komawa farko. Nemi ƙarin mako guda ta imel, cikin ladabi, ka ce kana son lauya ya duba takardar hannun jarin. Raba tambayoyin gida biyu: na kuɗi da fansho da wa'adin gwaji da kwanakin sanarwar sallama ka tura wa mai ɗaukar aikin a rubuce, na rukuni da jiran dare ka yi wa manajan da baki. Takardar hannun jari daban take da takardar ɗaukar aiki, kuma sau da yawa sai hukumar daraktoci ta zauna ta amince kafin ta tabbata, don haka a rubuta maka cewa lissafin shekara 4 ɗin daga ranar da ka fara aiki zai soma, ba daga ranar zamansu ba.